Sharhi kan TheyWorkForYou, rumbun maganganun 'yan majalisar Birtaniya

Kowace ranar Alhamis da majalisar wakilan Birtaniya ke zama, akan ware lokaci domin jagoran majalisa ya bayyana ayyukan mako mai zuwa, daga nan sai wakilai su riƙa miƙewa ɗaya bayan ɗaya suna neman a ba su damar muhawara a kan abin da ya addabi mazaɓunsu. Wannan yana kukan cewa babu likitan haƙori na gwamnati da ke karɓar sababbin marasa lafiya a garinsu, na kusa da shi yana kukan motar bas da aka soke alhali ita kaɗai ce ke kai tsofaffi asibiti, wani kuma yana neman bayani a kan masana'antar da ke shirin sallamar ma'aikata. Jaridu ba su cika kula wannan zama ba, domin hankalinsu yana kan cacar bakin ranar Laraba tsakanin firaminista da jagoran 'yan adawa. Duk wanda ke son sanin abin da aka faɗa a irin waɗannan lokuta, da amsar da gwamnati ta bayar, hanya mafi sauƙi da ke gabansa ita ce shafin intanet na TheyWorkForYou, kuma hidimar da yake yi ce nake son aunawa a nan.

Wasu 'yan sa-kai ne suka ƙaddamar da shi a shekarar 2004, daga baya ya koma hannun ƙungiyar mySociety, wadda ba ta neman riba kuma ba ta da alaƙa da gwamnati ko wata jam'iyya. Kyauta ne ga kowa, da gudummawa da tallafi ake tafiyar da shi. Ba shi da wakilin da ke zama a zauren majalisa yana rubutu. Abin da yake yi shi ne ɗauko kundin Hansard, wato rubutaccen bayanin zaman majalisa wanda ma'aikatanta ke haɗawa da kansu tun 1909, ya sake tsara shi yadda mutumin da bai taɓa taka Westminster, mazaunin majalisar a Landan, ba zai iya karantawa. Saboda haka ingancin kalmomin da ke ciki na Hansard ne, kuma yana da kyau mai karatu ya san cewa Hansard yakan share maimaici da tuntuɓen harshe, ko da yake ba ya sauya ma'anar magana. Aikin TheyWorkForYou yana wajen tsari da bincike da sanarwa, kuma a nan ya kamata a yaba masa ko a kushe shi.

Tsarin ne farkon abin da ya cancanci yabo. A majalisar Birtaniya al'ada ta hana wakili kiran abokin aikinsa da suna a lokacin muhawara, sai dai ya ce mai girma wakilin mazaɓa kaza, kuma da yake wakilan su 650 ne, baƙo yakan ɓata tun bai gama shafi biyu ba. A nan kowace magana tana zuwa da hoton mai ita, da sunansa, da jam'iyyarsa, da mazaɓarsa, ko muƙaminsa idan minista ne. Maganganun suna jere kamar hira, kowace da adireshinta na kanta, ta yadda mutum zai iya tura wa wani ainihin jawabin da yake nufi ba tare da ya ce masa ya nemi layi na kaza a shafi na kaza ba. Wanda yake zaune a Birtaniya kuwa, da ya rubuta lambar adireshinsa ta gidan waya sai sunan wakilinsa ya bayyana, tare da abin da ya faɗa kwanan nan, da tambayoyin da ya aika wa ma'aikatu, da yadda ya kaɗa ƙuri'a, da kuɗi ko kyaututtukan da ya bayyana cewa ya samu daga waje. Babu kwalliya, babu hotuna masu motsi da ke cinye data, kuma yana buɗuwa a wayar hannu ba tare da wahala ba.

Sai dai a ganina darajarsa ta gaskiya ba a shafin wakili take ba, tana cikin akwatin bincike da kuma saƙon sanarwa. Mutum yana iya rubuta kalma ɗaya, ko sunan asibiti, ko sunan kamfani, ya ga duk inda aka ambace shi a majalisa daga yau zuwa shekaru da dama baya, sannan ya nemi a riƙa aiko masa da imel duk lokacin da kalmar ta sake fitowa daga bakin wani. Yana kuma iya haɗa sunan wakili da batu, ya ce sai ranar da wane ya yi magana a kan jiragen ƙasa za a sanar da shi. Mafi yawan masu shiga sukan tsaya ne a kan wakilinsu, su duba ko yana magana ko ba ya yi. Ni kuwa abin da na fi ba mutum shawara shi ne ya bi batu, ya ga wa ya fara tayar da shi, me aka amsa masa, da shekara nawa aka yi ana maimaita amsar, domin ta haka ne ake gane abin da ƙorafin ɗan majalisa ke iya yi da abin da ba ya iyawa.

Babu misalin da ya fi badaƙalar Horizon, manhajar lissafin kuɗi ta ofisoshin gidan waya, nuna wannan. Tsakanin 1999 da 2015 an gurfanar da mutane fiye da 900 masu riƙe da ƙananan ofisoshin gidan waya bisa zargin sata ko murɗe lissafi, alhali kuskuren manhajar ne ke nuna giɓin kuɗin da babu shi. Wasu sun yi zaman kurkuku, wasu sun rasa sana'a da gidaje da mutunci a idon maƙwabta. Wanda ya bincika wannan kalma zai tarar da James Arbuthnot, wanda a lokacin yake wakiltar wata mazaɓa a Hampshire, yana jagorantar muhawara a kai a Westminster Hall, zaure na biyu na muhawarorin majalisar, a watan Disamba na 2014, wakilai daga jam'iyyu daban-daban suna kawo labarin mutanen mazaɓunsu, gwamnati kuma tana jingina da cewa hukumar gidan waya tana gudanar da harkokinta ne da kanta. Idan ya ci gaba da gangarowa zai ga yadda sautin amsoshin ya fara sauyawa bayan hukuncin babbar kotu na 2019, da kuma bayan kotun ɗaukaka ƙara ta wanke mutum 39 a watan Afrilu na 2021, har zuwa 2024 da majalisa ta yi dokar da ta soke hukunce-hukuncen a dunƙule. Shekara goma ke nan tsakanin waccan muhawara da wannan doka. Babu wani sharhi da aka rubuta a gefe domin a nuna wa mai karatu wa ya yi gaskiya, amma jeranta maganganun bisa kwanan wata kaɗai ya isa ya ga cewa duk abin da ƙasa ta firgita da shi a 2024 an riga an faɗe shi a gaban ministoci tun da daɗewa. Haka nan zai ga cewa maganar wakilai ita kaɗai ba ta kawo ƙarshen lamarin ba, sai da kotu da 'yan jarida da fushin jama'a suka taru a kai. Amfanin maganar shi ne ta hana batun mutuwa, ta kuma bar shaidar da ba za a iya musantawa ba cewa an sanar da hukuma.

Irin wannan zaren yana nan a fannin lafiya, a batun gurɓataccen jinin da aka ƙara wa marasa lafiya a shekarun 1970 da 1980, wanda ya sa wa mutane fiye da 30,000 cutar HIV ko ciwon hanta. Diana Johnson, wakiliya daga Hull, ta yi shekaru tana tayar da shi kafin gwamnati ta amince da kafa kwamitin bincike a watan Yuli na 2017, kuma rahoton ƙarshe bai fito ba sai ranar 20 ga Mayu, 2024. A fannin sufuri kuwa akwai lokacin da abin ya zo da sauri. A watan Yuli na 2023 kamfanonin jiragen ƙasa suka fito da shirin rufe mafi yawan ofisoshin sayar da tikiti a tashoshin Ingila, wakilai na ɓangaren gwamnati da na adawa suka yi ca a kai, suna magana a madadin makafi da guragu da tsofaffin da ba sa iya sayen tikiti ta waya, jama'a kuma suka aika da ra'ayoyi kusan 750,000, kafin ƙarshen Oktoba an janye shirin. Wanda ya karanta zaren biyu a jere zai lura cewa gwamnati takan ji kira da wuri idan 'yan jam'iyyarta ne suka fara tsoron kujerunsu, kuma janyewar ba za ta ci mata kuɗi mai yawa ba.

Sashen rubutattun tambayoyi ya fi muhawara amfani ga mai neman alƙaluma, ko da yake ya fi ta bushewa. Wakili yana da damar aika wa kowace ma'aikata tambaya a rubuce, a kuma wallafa amsar ga kowa. A nan ake samun adadin masu jiran tiyata a wani yanki, ko kuɗin da aka kashe a kan wata hanya, ko yawan waɗanda suka nemi tallafin rashin aikin yi. A nan kuma ake ganin gwanintar ma'aikatu wajen kauce wa tambaya: wani lokaci a ce ba a tattara bayanin a hedkwata, wani lokaci a ce tattara shi zai ci kuɗin da ya wuce kima, wani lokaci a mayar da mai tambaya ga amsar da aka ba wani a watannin baya, wadda ita ma idan aka bi ta ba ta amsa komai ba. A ƙarƙashin kowace amsa akwai ƙaramin wuri da ake tambayar mai karatu ko yana ganin an amsa tambayar, ya zaɓi e ko a'a. Dabara ce mai kyau, kuma tana rage wa mutum takaici, amma ba na ɗaukar ta a matsayin ma'auni, domin kowa na iya dannawa, kuma amsoshi da yawa ba su da ƙuri'ar da za a ce ta wakilci ra'ayin jama'a.

Inda hidimar ta fi rauni shi ne inda ta bar kawo magana ta koma auna mutum. Shekaru da dama tana nuna alƙaluman yawan muhawarorin da wakili ya sa baki da yawan tambayoyin da ya aika, tare da kwatanta shi da sauran wakilai. Tun a 2006 jaridar The Times ta ruwaito cewa wasu wakilai sun koma jefa gajerun kalamai cikin muhawara da tura tambayoyi barkatai domin matsayinsu ya ɗaga. Masu hidimar sun yi ƙoƙarin gargaɗin jama'a cewa yawa ba inganci ba ne, har da barkwancin ƙirga sau nawa wakili ya jera kalmomi uku masu fara da harafi ɗaya, kafin daga bisani su cire sashen baki ɗaya. Cirewar daidai ce, kuma na yaba da ita, domin ma'aunin da ya sa wanda ake aunawa ya sauya hali don ya burge ma'aunin ya riga ya daina aiki.

Matsalar ba ta ƙare gaba ɗaya ba, ta koma taƙaitaccen bayanin ƙuri'u. Shafin wakili yakan ce wane ya saba goyon bayan kaza, ko ya saba adawa da kaza, kuma waɗannan gajerun layuka su ne aka fi ɗauka a hoto ana yaɗawa a kafafen sada zumunta, musamman gab da zaɓe. Ba ƙarya ba ne abin da ke ciki, amma rabin labari ne. A majalisar Birtaniya mafi yawan ƙuri'u bisa umarnin jam'iyya ake kaɗa su, masu tsawatarwa na jam'iyya suna tsaye suna lura da ƙofar da kowa ya bi wajen kaɗa ƙuri'a, ta e ko ta a'a, don haka tarihin ƙuri'ar wakili ya fi nuna matsayin jam'iyyarsa a kan nasa. 'Yan adawa kuma sukan tsara ƙudiri da gangan ta yadda duk wanda ya ƙi shi zai fito kamar maƙiyin talaka, ko da ƙudirin ba shi da ƙarfin doka. Abubuwa da yawa ana amincewa da su ne da murya ba tare da an ƙirga kowa ba, waɗannan kuwa ba sa barin sawu a shafin kowa. Rashin halarta ma ba ya bayyana dalilinsa: ko rashin lafiya ne, ko aikin gwamnati a ƙasar waje, ko yarjejeniyar da wakilai biyu na ɓangarori daban-daban kan yi su ƙaurace tare domin lissafi ya daidaita. Kafin 2019 ma ko wakiliyar da ta haihu ba ta da damar wakilta wani ya kaɗa mata ƙuri'a. A gaskiya masu hidimar sun gyara abubuwa da dama, sun riƙa kwatanta wakili da 'yan jam'iyyarsa domin a ga inda ya bijire, sun kuma fi ba da nauyi ga ƙuri'un da ke da tasiri a doka. Duk da haka, layi ɗaya ba zai ɗauki nauyin shekara goma na siyasar mutum ba, kuma mai karatu mai adalci sai ya danna ya karanta muhawarar da ta haifi ƙuri'ar kafin ya yanke hukunci.

Akwai kuma ayyuka biyu manya da ba sa bayyana. Na farko shi ne zaman kwamitocin da ke sa ido a kan ma'aikatu, inda ake titsiye shugabannin kamfanoni da manyan jami'ai. Lokacin da kamfanin jiragen ruwa na P&O Ferries ya sallami ma'aikata kusan 800 ta saƙon bidiyo a ranar 17 ga Maris, 2022, zauren majalisa ya cika da kalaman Allah wadai, kuma duk suna nan a rumbun. Amma maganar da ta fi kowace nauyi, wato amincewar shugaban kamfanin Peter Hebblethwaite cewa sun tsallake tuntuɓar ƙungiyoyin ƙwadago da doka ta wajabta kuma da saninsu suka yi, a gaban kwamiti ya yi ta bayan mako guda, sai mutum ya koma shafin majalisar kanta kafin ya karanta ta cikakkiya. Wannan babban giɓi ne ga mai bin batun ayyukan yi da lafiya, domin a kwamiti ake tambayar da ba a iya kauce mata da jawabi.

Na biyu shi ne aikin mazaɓa: wasiƙun da wakili ke rubuta wa hukumomi a madadin mutum ɗaya, da zaman sauraron koke da yake yi da jama'a a ƙarshen mako. Babu kundin da ke ɗauke da wannan, kuma bai kamata a samu ba tunda sirrin mutane ne, amma sakamakonsa shi ne wakili mai shiru a zaure wanda ke kashe kansa a kan matsalolin jama'a zai fito kamar malalaci, mai yawan surutu kuma ya fito kamar gwarzo. Haka ministoci ba sa aika tambayoyi, kakakin majalisa ba ya kaɗa ƙuri'a sai an yi kunnen doki, wakilan Ailan ta Arewa na jam'iyyar Sinn Féin kuwa ba sa zama a kujerunsu sam. Marigayi David Amess yana cikin 'yan kaɗan da rumbun ya nuna su yadda suke, domin ya shahara da tashi a muhawarar da ake yi gab da tafiya hutu ya zazzago batutuwa masu yawa cikin 'yan mintoci, daga na asibiti zuwa na jirgin ƙasa, kuma da wuya ya zauna bai nemi a ba garin Southend matsayin birni ba. A wurin sauraron koken jama'a aka kashe shi a watan Oktoba na 2021, an ba Southend matsayin a 2022, muhawarar hutun bazara kuma yanzu sunansa take ɗauke da shi. Karanta ɗaya daga cikin jawabansa na irin wannan rana ya isa ya nuna wa baƙo yadda wannan al'ada take.

Wani abin da mai bincike zai kiyaye, wanda ba laifin hidimar ba ne amma ba ta cika jan kunne a kai ba, shi ne rabon iko. Tun 1999 harkar lafiya da mafi yawan harkar sufuri a Sikotland da Wales da Ailan ta Arewa suna hannun majalisun yankunan, don haka ministan lafiya da ke amsa tambaya a Landan, galibi a kan Ingila kaɗai yake magana. TheyWorkForYou yana ɗauke da zaman waɗannan majalisu da na majalisar dattawa, abin da ya ba shi fifiko a kan shafin Hansard na hukuma, tunda bincike ɗaya ya game su duka. Amma wanda ya ga an ambaci ƙa'idar fara yi wa majiyyaci magani cikin mako 18, ko ta kammala duba shi a sashen gaggawa cikin sa'a huɗu, sai ya duba a wace majalisa aka faɗa kafin ya ɗauka cewa ƙasar ce baki ɗaya ake nufi.

Game da sauri, Hansard na hukuma ya riga shi, domin yakan wallafa magana cikin 'yan sa'o'i, shi kuwa sai washegari. Mai son ganin fuska da jin murya da hayaniyar zaure kuma sai ya nemi tashar majalisar ta intanet. Harshen muhawarorin Turanci ne, kuma Turancin majalisa mai lauje cikin naɗi, inda minista kan ce zai duba batu da idon basira alhali ma'anarsa a bar maganar. Akwai ɗan bayanin wasu kalmomin majalisa, sai dai bai kai ya fassara irin wannan salon ba.

Ga ɗalibin siyasa ko shari'a, da ɗan jarida, da ma'aikacin ƙungiyar ƙwadago, ina ganin ya cancanci a riƙa amfani da shi kullum. Ga baƙin da ke aiki a asibitoci da gidajen kula da tsofaffi a Birtaniya amfaninsa ya fi haka kusa, domin dokokin biza suna sauyawa a kai a kai, kamar yadda aka hana sababbin masu aikin kula da tsofaffi zuwa da iyalansu daga watan Maris na 2024, kuma kafin irin wannan sauyi ya kai ga jarida yakan fara bayyana a rubutacciyar sanarwar minista ko a amsar wata tambaya. Da yawa daga cikinsu, idan 'yan ƙasashe renon Ingila ne masu izinin zama, suna da damar yin rajistar zaɓe, kuma ko ba su yi ba, wakilin yankin da suke zaune nasu ne, ana iya rubuta masa ta WriteToThem, wadda ita ma mySociety ke gudanarwa. Shawarata ga mai farawa ita ce ya saita sanarwa biyu ko uku kawai, da kalmomi ƙayyadaddu kamar sunan asibitin da yake aiki ko nau'in bizar da yake riƙe da ita, domin wanda ya saka kalma mai faɗi irin lafiya ko sufuri zai riƙa samun dogon saƙo kusan kowace safiya da majalisa ta zauna, kuma ba zai daɗe yana buɗe shi ba.